Gado da Ramin Ɗakin Kulu

Ku da kuka san taubashina Gado, kun san ba ya wuce sabon gini bai lasa ba. Ya ƙwaƙulo ƙasa da farce, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar suna, sannan ya tofar ya ce, "Ƙasar Gwandu, lami." Mutumin da a Gwandun aka yanke masa cibi, kuma ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ya ga damina biyu ba. Don kawai uwarsa 'yar Kalgo ce, shi ke nan ƙasar kirki ta ƙare a Kalgo. Ya taɓa lasar zauren surukinsa ya ce wannan kam da ɗan gishiri-gishiri, da alama daga Kalgo aka ɗebo ta. Ashe inda bunsuru ke fitsari ya ƙwaƙulo.

Wata bazara, cikin shekarun nan da ake ta cewa Turawa sun kusa tafiya, gafiya ta huda bangon ɗakin matarsa Kulu, ta ƙasa, bayan randa. Rami ne da dunƙulen hannuna zai toshe. Kulu ta cusa tsumma, Gado ya zare, wai tsumma na koya wa bango lalaci. Na ce bari in kwaɓa ƙasa in liƙe, ya ce ba da wannan tokar ba, sai ta Kalgo. Wata biyu ana haka. Ƙadangaru suka maida ramin hanyar kasuwa, har kunama ta leƙo. Kulu ta rantse in ruwan farko ya shigo mata ta nan, Dalijan za ta koma gidan wanta, shi ya zauna ya auri bangon. Kulu kuwa ba ta rantsuwar banza.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ɗora wa jaki mangala, ni kuma sarkin wawaye na bi shi. Wuni guda muna tafiya. A Kalgo wuri huɗu ya lasa kafin ya yarda da ɗaya, muka cika mangala fal, saboda ramin da cikin tafi biyu ya ishe shi. Washegari a hanyar komowa jakin ya dinga durƙushewa. Gado ya ratse wani ƙauye gaida abokinsa, ya ce in yi gaba. Yana ɓacewa na zazzage ƙasar a gindin wata tsamiya, na haye jakina. Da na iso bayan gari, na cika mangalar a kududdufin da kowa ke ɗiba.

Gado ya iso ya lasa. Ya daɗe ido a rufe. Ya dubi gabas, ya dubi Kulu a ƙofar ɗaki da ƙunshin kayanta a gefe, ya ce, "Kalgo ke nan. Kun ji bambanci."

Dokarsa kwaɓi sai ya kwana bakwai da ciyawa yana ruɓa. Wannan kwana ɗaya ya ba shi. Ya yayyafa wa ramin ruwa, ya cusa fasasshen kasko saboda gafiya, ya danna ƙasa, ya shafe da tafin hannu. Bayan kwana uku ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba. Kulu ta kwance kayanta. Shi kuwa shekara da shekaru yana zagayawa da baƙi bayan ɗaki su ga aikin ƙasar Kalgo, ni ina gefe ina cizon leɓe.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je neman gafara, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai sakarai, ka ɗauka harshena ya mutu? Tun rannan na ji lami ta. To hadari ya taso, Kulu ta ɗaure kaya. In ce mi?"

Na tambaye shi to yabon na mene ne duk shekarun nan. Ya ce ai ya fi son ya mutu da ya ba taubashi gaskiya.

Yau ga shi kwance cikin ƙasar Gwandun da ya raina. Allah Ya sa ta riƙe shi da sanyi yadda ta riƙe masa ɗakin Kulu, Ya jiƙansa, Ya haɗa mu da shi inda babu hadari.