Gayyar Gonar Kutama

Daminar da mijina ya rasu, ciyawa ta nemi cinye mana dawa a gonarmu ta Kutama, a ƙasar Gwarzo. Yayansa ya zo ya tsaya daga zaure, ko shigowa bai yi ba, wai in na kasa nome ta zai karɓa ya riƙe wa marayu. Na san irin wannan riƙon. Gonar nan kuwa ita ce tuwon 'ya'yana.

Sai na kira gayya. Mai gayya ba ya biyan kowa, ciyarwa ce tasa. To ni tun da aka ji ina ɗauke da cutar ƙanjamau, ko ruwan randata ba a sha, balle furata. Duk wanda na aika wa sai ya ce, "Allah ya kai mu." Raina ya ɓaci ƙwarai.

A asibitin Kabo nake karɓar magani, don kada idon sani ya gan ni a Gwarzo. Abin dariya, rabin masu zama a bencin jiran magani mutanen ƙasar Gwarzo ne, kowa ya gudo ɓuya, muka haɗu. Ranar karɓa na kasa daurewa, na fashe da kuka gaban wata dattijuwa 'yar ƙauyen Mainika da muke bin layi tare, na kwashe labarin gayyar na gaya mata.

Ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayenki. Yaushe ne gayyar?"

Safiyar ranar gayyar ina cikin dama fura na ji ƙarar babura. Wayyo Allah! Mazan bencin asibitin nan ne, kowa da fartanyarsa, dattijuwar na bayan wani ta rungume tukunyar dambu. Mutanen da ake cewa saura kwana kaɗan a binne su suka duƙa, kafin la'asar gona ta yi fes. Ludayi ɗaya ya yi ta zagaya ƙwaryata har aka suɗe ta.

Ana tsakiyar shan furar ne Yayan mijina ya zo ganin yadda zan kunyata. Dattijuwar ta miƙa masa ludayin, ta ce, "Bismillah, Malam." Ya ce wai azumi yake. Wallahi dariya ta kusa kayar da ni.

Shekaru sun ja, ina shan maganina, ina noma gonata, yarana kuma an gwada su lafiya lau. Da kakar bana na aika wa Yaya dami guda na dawa, wadda hannun nan nawa ya yanka ya ɗaure. Bai dawo da shi ba.