Bibi Jan da Kakata

Asabar ɗin farko ta dogon hutu, shekarar da na cika takwas, Baba ya ɗauko kakata daga filin jirgi zuwa gidanmu na unguwar Longsight, a ƙasar waje. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani a waya. Amma na shirya tsaf, domin a ganina na riga na san yadda ake yi da kaka.

A gidan maƙwabtanmu 'yan Afganistan na koya. Abokina Farid yana da kaka, ba ya kiranta da dogon sunan nan na littafi, madar kalan, sai dai Bibi jan, wato kaka abar ƙauna. Wata yarinya 'yar Iran a ajinmu kuma Mamani take ce wa tata. In mun gaji da buga ƙwallo a lungun bayan gida, inda ake jera kwandunan shara, Farid yakan sumbaci hannun Bibi jan, ita kuma ta shafa kansa ta cika mana aljihu da zabibi. Har ni na koma kiranta Bibi jan, ina taya ta ɓare tafarnuwa.

Saboda haka da kakata ta zauna, na kama hannunta na sumbata, na ce, "Kaka jan." Ta fizge hannun ta dubi Umma. "Wannan ne mijin nawa? Ga ƙaton kai, ga cizo. Na fasa auren." Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa na shige gidan su Farid. Umma ta yi ta gaya mini wasa ne na kaka da jika, ramawa ake yi. Ban yarda ba. Mako shida kakata tana tsokanata ina sunkuyar da kai, har ta koma Kano, kuma ba ta sake dawowa ba. Sai bayan rasuwarta Umma ta gaya mini abin da ta tambaya a hanyar filin jirgi: "Yaron nan bai taɓa rama mini ba. Ko dai ba ya so na ne?"

Yanzu a unguwar Erdington muke, Umma ce kakar. Ɗana yana ce mata tsohuwa mai rowa, wai ya sake ta, ita kuma tana kiransa rago, suna ta dariya a kicin. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina jin su. Yanzu na san duk amsoshin da ya kamata in ba kakata.