Ranar da Yaya Ya Auna Kajinmu

Shekarun farko da Dutse ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika unguwarmu ta Limawa, kowa na neman kazar miya. Ni kuwa na gama sakandare ina zaman gida, sai na roƙi Baba ya kewaye mini lungun bayan ɗaki, na zuba 'yan tsakin gidan gona, fararen nan da ake kira agirik. Wayyo daɗi! Kullum na leƙa sai in ga sun ƙara girma. Duk safiya nakan fasa musu kafso a ruwa, da ciwo ko babu, saboda na ga haka kowa ke yi.

Goggo, ƙanwar Baba, kajin gida take kiwo, masu yawon tsince-tsince. Ta ce nawa buhun magani ne. Na ce nata 'yan bola ne.

Yayana, mai koyon aikin gwaje-gwaje a asibiti, ya gaji da musunmu. Ranar da kowacce ta yanka ɗaya, ya goga auduga a jikin naman ya tafi da ita. Da sakamako ya fito ya aiko mu same shi a asibitin. Goggo ta zumbula mayafi, har tana riga ni fita.

Ya ɗago rufaffun farantai biyu na gilashi, duk sun yi kamar tuwon da ya yi fumfuna.

"Ƙwayoyin cuta ke nan," in ji shi. "Duk kajin biyu suna da su."

"Har tawa?"

"Har taki, Goggo."

Na daka tsalle ina tafi.

"Dakata tukuna," ya ce da ni. Ya nuna wata 'yar takarda a tsakiyar kowane faranti, mai ɗauke da irin maganin da nake ba kajina. A farantin Goggo ƙwayoyin sun ja da baya, sun bar fili kewaye da ita. A nawa sun haye har kanta. "Naki sun saba da maganin. In suka kama mutum, ko ya sha kafson nan ba zai ji sauƙi ba."

Goggo ta rangaɗa guɗa, sai da wata nas ta leƙo.

Ni ban ma tsaya jin haushi ba, roƙonsa nake ya bar ni in gan su da idona. Ya ɗora a madubin likita, na kafa ido. Ga su nan birjik, kamar ɓarzajjen gero! Na ƙi matsawa, sai da Goggo ta ture ni.

Daga ranar na daina fasa kafso sai in likitan dabbobi ya ce. Goggo kuma, da ta ga har kazarta na da ƙwayoyin, ta ware wa ɗanyen nama wuƙarsa daban.