Kwamfutar da ba ta numfashi

Wata uku na yi ina neman kwamfutar da ba ta numfashi. Haka Gwaggo, yayar mahaifina, take faɗa in tana son tsokanata. Ita kaɗai ta rage a unguwarmu ta Zongo da ta riƙe waƙar gidanmu, wadda ke jero garuruwan da kakanninmu fatake suka yada zango, tun daga Katsina har bakin teku. Ga shi mantuwa ta fara taɓa ta. Ni kuwa aikin sauti nake koyo, sai na ɗauki alkawari zan naɗi waƙar kafin ta ɓace.

Da waya ma da an gama tun tuni. Amma ina! Girman kai bai bar ni ba. Wai ni waƙar kakanni a waya, kamar saƙon gaisuwa?

Na hana kaina sakat. Yau ina kasuwar Adawlato, gobe na hau zemijan, wato acaɓa, zuwa Adakpamé wurin masu kayan gwanjo da ake saukewa daga jirgin ruwa. Duk kwamfutar da aka miƙo min sai na kunna ta na kara kunnena a gindinta. Fanka na motsawa, in ture. Wani mai shago ya ce min, "Malam, kwamfuta ka zo saya ko awon ciki ka zo yi mata?" Na ji haushi, wallahi, domin gaskiya ya faɗa.

Sai kuma batun kart-son, ɗan akwatin nan da ke haɗa makirufo da kwamfuta. Mai baki ɗaya ko mai baki biyu? Wannan yana tsaki in an ƙara murya, wancan wayarsa sakwa-sakwa. In yanke shawara da safe, in warware ta kafin azahar. Abinci ma a tsaye nake ci.

Kullum na bi ta ƙofar gida, inda Gwaggo take suyar masa, sai ta ɗago ta ce, "Injiniya, yau ne?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

"To, Allah ya sa ka same ni a gida."

Na ɗauka wasa take yi.

Bayan babbar salla na samu abin da nake so: kwamfuta shiru kamar ba a kunna ta ba, da kart-son mai baki ɗaya, tunda murya ɗaya zan ɗauka. Na jingina katifu a bangon ɗakina, na toshe taga, na kori kaji. Na zaunar da Gwaggo a kujera, na kafa mata makirufo a gaban baki.

"Bismilla, Gwaggo."

Ta dubi bango, ta dube ni. Hannunta na ta lalube a cinyarta.

"Ɗan nan, a kabarin nan zan yi waƙa? Ina tanda? Wa zai amsa min?"

Kunya ta rufe ni. Tun ina goye nake jin waƙar nan, ban taɓa jin ta ba sai a bakin murhu, cokali na buga tanda, matan da ke jiran masa suna amshi. Duk hayaniyar da na yi wata uku ina gudu, ashe da ita ake yin waƙar.

Washegari da safe na kwashi kayan na kai ƙofar gida, na ɗora a kan benci. Man suya yana ƙara, babura suna wucewa, baki ɗayan nan na kart-son ya haɗiye kowa da kowa. Gwaggo ta ɗauka, mata suka amsa. A cikin waƙar ta bar Katsina, ta haye kogin Kwara, ta ratso Borgu, ta sauka Sokodé. Nan ta tsaya. Ta juya masar, ta sake komawa baya, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Matan ba su iya tuna mata ba. Amshi kawai suka sani.

"Saura baiti biyu," in ji ta. "Na shigowarmu garin nan, da mai sunan kakanka a ciki."

"Ki natsu, Gwaggo, za su dawo."

Ta kwashe masar, ta zuba wani ƙullun, ba ta ko kalle ni ba.

"Da azumi suna nan, Injiniya. Na yi ta tambayarka."