Afiniki da Gidan Hasumiya

A gefen wani ɗan gari tsakanin Godogodo da Kafanchan akwai wani gidan dutse mai hawa biyu, da doguwar hasumiya a kusurwarsa. Wani Baturen haƙar kuza ne ya sa aka gina shi, wai irin gidajen sarakunan ƙasarsu yake marmari. Afiniki tana 'yar shekara goma sha biyu ta ɗauko duwatsun ginin a ka tun daga bakin rafi, ita da sa'o'inta. Da aka gama, iyakarsu ƙofar kicin.

Kuza ta ja baya, Bature ya tattara ya tafi, jemagu suka gaje gidan. Mutane suka ce iskoki sun tare a ciki, har masu kiwo suka daina bi ta wajen. Afiniki kuwa ta yi aure, ta haifi shida, ta binne miji, ta ci gaba da noman cittarta da acca. Ranar kasuwa takan shimfiɗa buhunta kusa da Kubra mai daddawa, wadda kakanninta suka zo garin da fatauci tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Shekara ashirin suna zama wuri ɗaya, kowace ta san ciwon bayan 'yar'uwarta.

A daminar 1974 wata malamar asibiti mai suna Bernice tana zuwa daga Kafanchan duk Talata, ta rataye ma'auninta a reshen mangwaro, ta auna jarirai ta yi musu allura. Sai ruwa ya riƙa korar su mako bayan mako, har iyaye mata suka gaji suka daina fitowa. Kafin kaka baƙon dauro ya shigo gari. Cikin yaran da ya ɗauke har da jikar Kubra, 'yar wata goma sha ɗaya.

Afiniki ta yi kwana uku a gidan makoki tana ɗora tukunya tana saukewa. Rana ta huɗu ta ɗaura ɗankwalin zumuntar matan majami'a, ta nufi wurin mai gari, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba mu Gidan Hasumiya. Yara suna mutuwa don babu rufi, ga rufi can yana zaman banza."

Mai gari ya gyara zama. "Mama Afiniki, kin san abin da ake faɗa a kan gidan nan."

"Na sani, Baba. Amma ni na ɗauko duwatsunsa, ban ji ko ɗaya ya yi magana ba. In akwai mai gida a ciki, zan roƙe shi ya matsa mana."

Dattawa suka yi dariya, mai gari ya ce ta je ta gani da idonta.

Ta je ita kaɗai da tsintsiya da fatanya. Da ta tura ƙofar gaba, wadda ba ta taɓa shiga ta cikinta ba, sai ta tsaya a bakin zauren. Ta yi Addu'ar Ubangiji da ƙarfi don ta ji muryar mutum, sannan ta sunkuya. Kashin jemage ya kai idon sawu. Kwana biyu tana kwasa, mutane na leƙenta daga nesa.

Da safiyar rana ta uku ta ji ana shara a ɗaya ɗakin. Ta leƙa, sai ga Kubra, ido a kumbure, mayafi ɗaure a ƙugu.

"Iya, ke da ke cikin makoki?"

"Zaman ɗakin ne yake kashe ni, Yaya. Bar ni in yi aiki."

Suka ci gaba da aikin tare. Kafin mako ya zagayo matan majami'a da matan kasuwa sun cika gidan, maza suka hau sama suka toshe inda yake yoyo. Talatar da ta biyo baya Bernice ta rataye ma'auninta a ƙugiyar da Bature yake rataye fitila. Jariri arba'in da uku aka kawo, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya jiƙe. Kubra ce ta riƙa karɓar su tana sa wa a ma'auni.

Daga nan gidan bai sake hutawa ba. Mawaƙan majami'a suka gano cewa murya tana daɗi a babban zauren, suka kama Alhamis. Manoman citta suka kama Asabar. Aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a sama, kuma da aka fara karatun firamare kyauta, aji biyu suka zauna a ƙasa kafin a gama musu gini. An yi bikin aure a ciki, an yi walimar suna, an yi rawar sabuwar shekara a farfajiya. Ba wanda ya naɗa Afiniki komai, amma in rana ta haɗa mutum biyu, wurinta ake zuwa, abin da ta yanke kuma ya zauna.

A 1979 ciwon ƙafa ya matsa mata. Ɗanta Alexander, ma'aikacin reluwe, ya zo ya tafi da ita Kafanchan, ya ba ta ɗaki mai siminti da famfo a ƙofa. Ta gode, ta zauna. Ba ta saba da kukan jirgi ba, ba ta kuma saba da wuni ba wanda ya zo neman ta ba. Wata uku ta yi, ta ce masa ya sa ta a mota ta koma gida.

Ranar kasuwa ce ta sauka, tana dogara sanda. Kubra ta ɗago kai ta dube ta, ta janye tiren daddawarta gefe.

"Zauna, Yaya. Kin rame. Ba sa ba ki abinci a birnin ne?"

"Suna ba ni, Iya. Ba ya wucewa ne."

Kubra ta kwance ƙullin gyaɗa dafaffiya ta ajiye tsakaninsu, suka fara ɓarewa.