Mai Fasa Mini Tubali

Jama'a, yau na kama wanda ke fasa mini tubali!

Tubalin ƙasa ne, na buga in tada ɗaki kafin damina. Kullum safe sai in tarar an raba wasu biyu, tsaf a tsakiya. Na ce wannan ba aikin jaki ba ne, wani ke son filina.

Bayan asuba na laɓe jikin darni. Sai ga Issufu tela, maƙwabcina! Mutum da furfura! Ya ɗaure kai da ƙyalle, ya kurma ihu, ya kafta wa tubali hannu!

Na ce, "Issufu, wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Haba maƙwabci, fim ɗin Sinuwa ne da muke kallo a fada. In na ga karaten nan jinina tafasa yake, sai na gwada."

Fim? Ai na fi shi so, amma ban taɓa kayan kowa ba!

Na ce, "Ga duwatsun Birni can, Allah Ya ajiye su kyauta. Fasa ɗaya in gani, sannan in yarda fim ne."