Dogo Mai Zane da Billen Kawunsa

Ungozomar da ta sa wa Dogo suna ta yi gaggawa. An haife shi a Gungun Marke, wani tsibiri a tsakiyar Kwara kudu da Yelwar Yauri, ya faɗo da ƙafafu zalo-zalo kamar na zalɓe, ta ɗaga shi ta ce ai wannan dogo ne. To daga ranar tsawo ya tafi hutu, bai kuma dawo bakin aiki ba. Har Dogo ya yi furfura, in ya tsaya bayan buhun albasa sai ya yi tari ake sanin yana nan.

Uwarsa ta rasu yana goye, ubansa ya bi ta ba da daɗewa ba, sai wan uwar, Ɗantani mai fito, ya ɗauke shi. Kawu Ɗantani shi ke ƙetarar da mutane tsakanin gungu da tudu. Magana a wurinsa kamar gishirin bazawara take, sai an roƙa ake samun ɗan kaɗan. A cikin jirginsa Dogo ya yi rarrafe, a ciki ya yi haƙora, kullum yana zaune a ƙasan jirgi yana kallon fuskar kawunsa daga ƙasa. Shi ne kuma ya kai shi boko a Yelwa, lokacin da wasu ke tura 'ya'yansu cikin rumbu in an zo ɗibar yara. Boko dai bai karɓi Dogo ba. Lissafi ya kore shi, Turanci ya raka shi har bakin ƙofa. Abin da ya fito da shi kawai shi ne zane, don haka ya zauna Yelwa yana yi wa jiragen ruwa da manyan motoci ado da fenti.

A shekarar da aka sami mulkin kai ya haɗu da Malam Ishaya, wani Bakambare daga wajen Wara mai koyarwa a makarantar mishan. Ishaya ya sayi wani tsohon injin gurza takarda da aka gaji da shi, yana ta neman abin da zai gurza. Dogo kuwa yana da zane cike da kai ba wurin zubawa. Suka kama wani ɗaki bayan kasuwar kifi, Dogo ya rubuta a bango da jan fenti: Maɗaba'ar Bakin Ruwa. Sunan ya fi ɗakin faɗi, sai da ya karya kwana ya ƙarasa a bangon maƙwabci.

Ga yadda aikin yake. Akwai wata takarda mai kaki a jiki, ita ake kartawa. Dogo ya gwada ƙusa ta yage, ya gwada allura ta huda, daga ƙarshe ƙayar kifin kurungu ce ta yi daidai. Shi zai karta hotuna gida-gida, Ishaya ya rubuta maganar mutane cikin wani ƙwai da ke fita daga bakinsu, sannan a ɗaura a inji a yi ta juya hannu har tawada ta mai da su duka biyu kamar masu gasa kifi. A ɗinke da zaren taru, littafi ya kammala.

Gwarzonsu Ɗan Filafili ne, wani ɗan gungu mai ƙaramin jirgi da babban baki. A littafin farko ya yi kokawa da dorina ya kā da ita. A na biyu aljanar ruwa ta ari ƙwaryarsa ta ban-ruwa ta ƙi mayarwa, ya bi ta har gida. Akwai wanda ya yi da mai awon albasa da ke danna mudu da gwiwa, akwai na tafiyarsa Lakwaja inda ya sayo takalmi ƙafa ɗaya. Ranar kasuwa jirage kan ɗauki littattafan zuwa Wara da Ngaski da Shanga. Yawancin masu saye ba su san bihim ba a boko, amma ba su damu ba. Hoto suke bi da yatsa, su ƙaga maganar da kansu, wani lokaci ma tasu ta fi ta Ishaya daɗi.

Matsala ɗaya ce: ƙayar kifi ba ta iya fuska. Duk mutanen Dogo kamar uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya.

Ishaya ya ce, "Dogo, wanga wane ne? Ɗan Filafili ko matar sarkin kasuwa?"

"Ba ka ga ɗankwali ba?"

"Na ɗauka wutsiyar dorina ce."

Sai Dogo ya faɗa wa dabarar aska. A ƙasar Yauri ta wancan zamani fuska ba ta ɓoye mutum. Ka dubi tsagarsa ka san garinsu, wani sa'in har gidansu. Ya ba Ɗan Filafili askar Gungun Marke, uku-uku a gefen baki, irin tasa. Mugaye kuwa ya ba su tsagar nesa, ko ya bar su fuska fayau kamar baƙi. Nan fa ciniki ya buɗe. 'Yan Gungun Marke suka riƙa tafiya a kasuwa suna ɗaga kafaɗa, sai ka ce su suka kā da dorinar.

Ana haka maganar dam ta taso. Aka ce za a tare Kwara a Kainji, ruwa zai hau ya cinye gungaye da fadamun albasa. Da farko dariya aka yi, wai wa ya taɓa ɗaure kogi. Sai ga 'yan safiyo masu awon ƙasa da ƙarfe mai ƙafa uku, suna kafa turaku masu jan kai a gonaki da bayan gidaje, har gefen makwantan kakanni. Dariya ta ɗauke. Tsofaffi suka daina barci, mata suka riƙa tambayar wa zai ɗauko musu matattunsu.

Dogo ya ji zafin abin kamar kowa, ya zauna ya karta littafin da ya kira Mai Turke. A ciki, wani ɗan gungu ne ya ɗauko baƙi a jirginsa, ya zaga da su, ya nuna musu kusheyi da itacen da ake yanka a gindinsa, suka ba shi agogo ya ɗaura. Ɗan Filafili ya tona shi, ruwa ya zo ya fara da gidan mutumin. To maci amanar nan ɗan gungu ne, Ɗan Filafili ma ɗan gungu, askarsu ɗaya, ga fuskoki iri ɗaya. Don a raba su, Dogo ya ƙara wa mugun tsaga guda daga karan hanci zuwa kunci. Bille. Bai tsaya tunani ba, hannu ne ya tafi inda ya saba.

Ba su taɓa gurza littafin da ya ƙare da wuri kamar wannan ba. Dogo na cikin jin daɗi sai ga Asibi mai albasa, 'yar gungunsu, ta tsaya a ƙofar maɗaba'a ta tare haske.

Ta ce, "Sannu Dogo, ɗan halak. Haka aka biyan goyo?"

"Wane goyo kuma, Asibi? Ni ban ci albasarki ba."

Ta buɗe littafin ta dangwala yatsa. "Gungun Marke duka, wa ad da askarmu da bille bisa? Faɗa mini."

Dogo ya ƙirga mutanen gungu a ransa. Mutum ɗaya ne. An yi wa Kawu Ɗantani bille yana jinjiri don yayyensa sun yi ta mutuwa. Kuma gaskiya ne ya ƙetarar da 'yan safiyo, kamar yadda yake ƙetarar da mai kaza da mai gawa da duk wanda ya tsaya bakin ruwa ya yi kira. Aikinsa ke nan. Ba wanda ya ga laifin haka sai da aka gan shi a takarda da agogo a hannu.

Washegari Dogo ya tafi mashigi. Mutane na tsaye da kayansu suna jiran jirgin masunta, ga jirgin fito a ɗaure ba kowa ciki sai mai shi. Dogo ya shiga. Kawu ya tura jirgi bai dube shi ba. Sai da suka kai tsakiyar ruwa Dogo ya ce, "Kawu, wallahi ba kai na zana ba."

Kawu ya ci gaba da tuƙi.

"Hannuna ne ya zame, Kawu."

"Ya zame ya faɗa kuncin dama, daidai inda nawa yake." Ya ɗaga hannunsa, tsirara, duk kanta. "Ina agogon? Yara na bi na suna tambayar ƙarfe nawa."

Ya mayar da hannu ga tuƙi har suka isa.

Dogo ya yi duk abin da ya sani. Ishaya ya rubuta da manyan baƙaƙe a littafi na gaba cewa Mai Turke ƙage ne, ba kowa ba ne. Wa zai karanta? Mutanen da suka sayi littafi don hoto ba su da sha'ani da baƙaƙe. Ya je gaban dattawa ya durƙusa ya yi bayani, suka ce, "Yaro, muna da idanu. Kai da ka tashi gidanai ka fi mu sanin abin da yay yi. Ba mu ga laifinka ba don ka faɗi gaskiya." Wato har yabonsa ake yi. Wannan ya fi zagi ciwo. Mutane sun rasa wanda za su kama a kan ruwan da ke tafe. Dam ba ta da kunnen jin zagi, masu turaku sun tafi, ga Ɗantani nan kusa, da bille a fuska.

Da lokacin tashi ya matso, aka gina musu sabon gari a tudu, gidaje jere masu rufi kamar an kifa jirgi. Gungu ya shiga gayya: yau a kwashe rumbun wane, gobe a ɗauke turmi da awakin wane. Aka zaga gida-gida aka tsallake na Ɗantani. Aka kuma ce a sabon gari ba mai zama kusa da shi. Tsoho mai gero cike da rumbu biyu, matarsa ta rasu, ba ɗa sai wanda ya zana shi.

Ran kasuwar Yelwa, da hantsi, Dogo ya je rumfar wanzami ya zauna ya miƙa kunci.

"Bille nika so. Nan, dama."

Wanzami ya dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba. "Kai, gemu gare ka hwa. Jinjirai aka yi wa bille."

"Ai tsawona na jinjirai ne. Yanka."

Ishaya ya biyo shi da gudu yana cewa, "Dogo, fuska ba takardar kaki ba ce, in ka ɓata ba a sake wata!" Kafin ya rufe baki aska ta wuce. Aka shafa baƙin tukunya, jini na bin gemu, 'yan kasuwa sun yi da'ira suna kallo.

Haka ya shiga gungu, ana tsakiyar kwashe rumbun wani. Ya hau turmi don a gan shi, ya ɗaga littafin kusa da kuncinsa.

"Ku duba da kyau! Ga Mai Turke nan, ni ne. Ni na zana kaina. Duk mai zagi ya kawo nan, ku ƙyale tsoho!"

Wani ya tuntsire da dariya, wata tsohuwa ta kama salati. Can daga baya wani ya ce, "Ashe su biyu ne." Maganar ta bi taron kamar wuta a busasshen kara. Asibi ce kaɗai ta ajiye kwandonta, ta ja ƙannenta biyu da harara, suka nufi gidan Ɗantani. Sauran suka koma ga aikinsu.

Kawu na zaune gindin rumbunsa yana ɗaure dami. Ya daɗe yana duban kuncin da ya kumbura.

"Wane wanzami ne?"

"Na bakin mahauta, Kawu."

"Bai iya ba." Ya ja igiya ya ƙulle. "Dā ni ɗai aka zagi, ina cewa ko ba komi ɗan ƙanwata na da mutunci. Yanzu shi ma ka kashe mini." Ya tura masa dami da ƙafa. "Ɗauki. In ka iya ɗagawa."

Su biyar suka kwashe gidan, sawu bayan sawu, har rana ta yi ja.

A sabon gari Ɗantani ya sami gidan ƙarshe, wajen da jeji ya fara. Na kusa da shi ya zauna ba kowa, sai Dogo ya saki ɗakin Yelwa ya ɗauko inji ya tare a ciki. Ishaya kan zo ran Asabar a keke ya rubuta magana. Sun ƙara gurza littattafai na 'yan shekaru, amma Ɗan Filafili bai sake fitowa ba. Daga labarin tarwaɗa da ta kai ƙarar kada sai na ƙwaɗon da ya nemi sarautar tafki, duk dabbobi, ba mai tsaga ko ɗaya. Yara sun so su, manya ba su saya ba. Da hannun injin ya karye ba wanda ya nemi maƙeri.

Fito kuwa ya mutu, don tafkin da dam ta tara ya fi ƙarfin filafilin tuƙi, jirage masu inji suka karɓe hanya. Kawu Ɗantani ya koma saƙar taru a ƙofar gida, yara na wucewa suna gaida Mai Turke Babba da Mai Turke Ƙarami. Da la'asar Dogo kan kawo tuwonsa ya zauna, su ci a akushi ɗaya. Ranar da tsohon ya cika, Dogo ya bi gari ƙofa-ƙofa yana faɗa. Waɗanda suka fito ba su cika sahu biyu ba, kuma da aka zo ɗaukar makara kafaɗarsa ba ta kai ba, sai ya bi ta gefe yana riƙe da ƙafar.